Wanda Muka Tono a Tudun Katantanwa

Umdurman, farkon watan Muharram

Zuwa ga taubashiyata Mawahib, uwar ƙasusuwa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da kakanninki na cikin akwatunan gilashi a Adis Ababa. Ki gaishe mini da mai ƙaton goshin nan da kika ce ba shi da haɓa. In ya tambayi wa ke gaisuwa, ki ce mijinki ne na Umdurman, wanda kika ƙi saboda kin fi son matattu.

Mu dai da sauƙi. Ƙafar Baba tana nan yadda take. Inna tana tuƙa tukunya a takiyya, inda ake dafa wa unguwa abinci kyauta, kullum wake, har na fara jin kunyar haɗa ido da shi. Wayata tana hannun wanda ya karɓe ta a shingen hanya, Allah ya sa 'yan matana suna hana shi barci. Shi ya sa kika ga takarda. Tariq mai lori zai kai ta Galabat, daga can a miƙo miki. Rubutun allo ne, in kin ga wasali ya ɓace akuya ce ta lashe.

Na leƙa gidanmu na unguwar Mayo. Ba ƙofa, ba taga, ko igiyar shanya sun kwance. A tsakar gida na tsinci ƙoƙon kan jaki, na ajiye miki. Ina jin kakan kakanki ne na wajen uba, don haƙoran naku iri ɗaya ne.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Uwarki, Gwaggo Laraba, ba ta cin abinci. Tun da hanyoyi suka buɗe, mutane suke tono 'yan uwansu da suka binne a tsakar gida da bakin titi, suna kai su maƙabarta. Maƙwabcinmu ya ɗauke ɗansa daga gindin darbejiya, Gwaggo ta tsaya a ƙofa tana kallo har aka wuce. Daga ranar sai shayi kawai take kurɓa. Ta ce kowa ya kai nasa gida, ita nata yana daji. Na yi mata kukan zakara, na kwaikwayi mata tafiyar Malam liman, ko murmushi.

Sai ga Isma'il ya ɓullo, abokin aikin ɗan nata, Yaya Salahuddin, a kamina, wurin gasa jan bulo a kudu da Saliha. Shi ke tare da Yaya ranar da dana, wato harsashin igwa, ta faɗo musu a shekarar farko ta yaƙi, shi kuma ya binne shi. Ya ce a kan wani tudu ne kusa da Farin Nilu, inda ambaliya ba ta kaiwa, ya naɗe shi da jan bargonsa. Ya ce zai gane wurin. Masu fararen kaya da ke kwashe kaburburan cikin gari ba su kai can ba, jikin Gwaggo kuma ba zai jira su ba. Za mu je da kanmu.

Ki yi mana addu'a, in kin tuna yadda ake yi.

Naki ko kin ƙi,
Ɗantani


Adis Ababa, ƙarshen Muharram

Ɗantani sarkin tsiya,

Na samu takardarka, na gode Allah da kuna raye. Ka gaishe da Kawu da Inna. Ina lafiya, sai sanyi da ruwan sama da ba ya ɗaukewa.

Kan jakin ka riƙe shi, ka samu abokin hira daidai kai. Kuma ban taɓa cewa kakanka biri ne ba, ko da yake wanda ya gan ka a kan katangar mutane zai yi shakka. Abin da ƙasusuwan nan ke nunawa shi ne, an daɗe ana tafiya da ƙafa biyu a wannan yankin namu tun kai bai yi girma ba. A ƙugu ake gani, da gwiwa, da ramin da ke ƙarƙashin ƙoƙon kai. Daga baya kai ya girma, goshi ya miƙe, haɓa ta fito. Ko a Sinja, can gefen da kakanninmu suka yi noman auduga, an taɓa tsintar ƙoƙon kan mutum da ya haura shekara dubu ɗari. Ƙasa ba ta cika ajiye ƙashi ba, cinye shi take yi. Sai in ya dace da wuri, ruwa mai gishirin dutse ya riƙa ratsa shi har ya yi nauyi, in ka ƙwanƙwasa ka ji kamar kasko. Aikina ke nan, ina goge mutanen da ba wanda ya san sunansu, yayana kuma yana kan tudu ban iya zuwa ba. Takarduna sun ƙare, in na fita ba zan dawo ba, karatun ya tafi a banza.

Ɗantani, don Allah ka ajiye wasa a gida ranar. Ku tona a hankali, da hannu in kun kusa. Kada ka bar Yumma, uwata, ta bi ku. Ka ce mata na ce ta ci ko loma uku ce, saboda ni.

Taubashiyarka,
Mawahib


Umdurman, tsakiyar Safar

Mawahib,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. Gwaggo ta ci kisra, wainar dawar nan, jiya da miyar kuɓewa, har ta nemi ƙari. Ya kamata in yi murna. Ki karanta ki gaya mini ko in yi.

Kin ce kada ta bi mu. Ke ma kin san uwarki. Kafin mu fito tana cikin raksha, keken haya mai ƙafa uku, da likkafani a cinya.

Tudun ba wani tudu ba ne, ƙasa ce ta ɗan yi doro, fari fat da katantanwa da tsingaro da ƙayar kifi, kamar an yi walima an gudu ba a share ba. Isma'il ya yi gabas, ya dawo yamma, ya ce da akwai wata bishiyar ƙaya da ya yi alama da ita, an sare. Can ya buga ƙafa ya ce nan ne. Muka shimfiɗa wa Gwaggo tabarma, muka tona. Ba mu yi zurfi ba shebur ya yi ƙara. Na ajiye shi na sa hannu, yadda kika ce.

Mutum ne, a miƙe, amma a kife. Rub da ciki, fuska a ƙasa, ƙeya a sama.

Gwaggo ta rarrafo ta leƙa. Ta juya ta dubi Isma'il ta ce, "Haka ka jefa mini ɗa? Kamar mushe?"

Ya ce, "Wallahi Hajiya a kan damansa na kwantar da shi, fuskarsa alƙibla. Ana harbi, amma ban kife shi ba."

"To shi ya juya kansa?"

Na ce, "Gwaggo, ina bargon? Ko zare babu."

Ta ce, "Gara ba ta cin bargo a garinku?"

Ta sa hannu biyu ta ɗago kan, ta share masa ƙasa da bakin mayafinta, ta juyo shi. Sai ga giɓi a gaba, a sama. Kin tuna haƙorin da hannun famfo ya cire wa Yaya yana yaro. Ta ce, "Salah." Ba ta yi kuka ba. Ta rungume shi tana cewa sannu, sannu, an bar ka a kife, sannu.

Na ce, "Gwaggo, na Yaya ɗaya ne. Wannan biyu ne babu."

Ta ce, "Wanda aka jefa a rami haka, haƙori ne zai rage masa?"

Isma'il ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Tun ranar bai sake tako gidanmu ba.

Mun kai shi maƙabarta kafin la'asar, Malam ya yi masa salla, muka juya shi alƙibla. Gwaggo ta sa an bar mata wuri a gefensa.

Ga abin da ke damuna. Ni na jera shi a likkafani. Na taɓa ɗaukar ƙashi a watannin nan, wa bai ɗauka ba a garin nan? Ƙashin shekara biyu ba shi da nauyi, kuma yana da wari. Wannan nauyi gare shi kamar dutse, ba wari, launinsa kamar bulon da bai gasu ba. Ƙashin cinyar ya bugi shebur ya yi ƙara kamar kasko. Wurin giɓin kuma a shafe yake sumul.

Ke kika san ƙashi. Yaya ne ko ba shi ba ne? In ba shi ba ne, to yana can. Kuma na ga lori biyu suna ɗibar ƙasa daga gefen tudun, ana kai wa masu ciko a gari, kowa yana ɗaga gidansa saboda ruwa. Ni kaɗai ba wanda zai bi ni mu koma, kin san matsayin maganata a gidan nan. Amma in kika rubuto, Baba zai ji. Ki yi sauri.

Ɗantani


Adis Ababa, farkon Rabi'ul Awwal

Ɗantani,

Ina lafiya. Ka gaishe da Kawu.

Na karanta sau biyu. Nauyi kamar dutse, ƙara kamar kasko: maganata ce ka kwashe daga takardar da na aiko maka. Mutum a kife mai giɓi biyu kuma labarin da na ba ku ne a tsakar gidan Mayo ina ɗaliba, da muka dawo daga tono a kudu da Umdurman. Ka haɗa su ka yi mini miya. Kan jaki bai ishe ka ba, sai da ka kai ga Salah?

Ka saka mini gishiri a shayi, ka aiko mini da labarin aurenka na ƙarya har na sayi turare, duk na yi dariya. Wannan ban yi ba. In kun same shi kun binne, ka ce mini haka kawai, in yi kukana. Kada ka sake rubuto mini sai ka san abin da ake wasa da shi.

Mawahib


Umdurman, bayan Mauludi

Mawahib,

Muna lafiya. Gwaggo har ta fara faɗa da Inna a kan gishirin miya, kin ga sauƙi ya samu.

Ban ji haushi ba. Wanda ya saba kiran kura a kasuwa, ranar da ta zo shi kaɗai za ta samu. Amma labarin nan naki na tsakar gida wallahi ban ji shi ba. Ina bayanki ranar, ina ɗaure bakin mayafinki a ƙafar gado. Abin da na tuna kawai faɗuwarki.

Ba ni da rantsuwar da ban riga na ɓata ba, don haka ga shaida. Ki kwance ƙullin da ke cikin takardar nan. Haƙori ne, turmi. Da muka dawo daga maƙabarta na kaɗe tabarmar da muka jera shi a kai, ya faɗo. Ban nuna wa kowa ba. In na Yaya ne, Allah ya yafe mini da na raba shi da jikinsa, ki dawo mini da shi in kai masa. In ba nasa ba ne, ki rubuta da manyan baƙaƙe, yadda Baba zai gani ba tabarau.

Na koma tudun sau ɗaya ni kaɗai, a ƙafa daga inda mota ta tsaya. Lorin sun ƙaru. Na ce wa wani direba akwai mutum a nan, ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ina ne babu mutum?" Na tona wuri biyu da hannu da guntun ƙarfe, katantanwa kawai. Ban san inda zan nufa ba, tudun ya fi filin ƙwallo.

Ba wasa a wannan takardar. Na duba ta sau biyu, babu.

Ɗantani


Adis Ababa, ƙarshen Rabi'ul Awwal

Ɗan uwana Ɗantani,

Ka yafe mini. Ina lafiya, in wannan lafiya ce. Na kwance ƙullin a kan teburin aiki, na duba shi da kyau.

BA SALAH BA NE. Ka nuna wa Kawu wannan layin.

Haƙorin ya cinye har rabi, ya yi fili kamar dutsen niƙa. Wanda ya yi rayuwarsa yana tauna abinci mai tsakuwa ne, ba mai shan shayi da burodi ba. Kuma ƙasa ta riga ta shige shi. Ba a shekara biyu ake haka ba, ba a ɗari biyu ba. Ba zan iya yanke maka shekarunsa daga haƙori ɗaya ba, amma irin mutanen da ake samu a kife a wannan gaɓar kogin, ana ba su wajen shekara dubu goma, wasu ma fiye. Ba mai ƙaton goshi ba ne, mutum ne kamar ni da kai, da haɓarsa da komai. In ka sa masa jallabiya ba wanda zai waiwaya a kasuwa. Lokacinsu wurin nan fadama ne, suna kama tarwaɗa, suna cin katantanwar da ka taka. Da gangan suke cire haƙoran gaba tun suna matasa, shi ya sa ka ga wurin ya warke sumul. Me ya sa suke kife matattunsu, ba wanda ya sani. Ba wulaƙanci ba ne, da kulawa suke shimfiɗa su. Isma'il gaskiya ya faɗa, kuskuren wuri kawai ya yi.

Salah yana can. Ka nemo Isma'il, ka ba shi haƙuri a madadina. Ku duba inda ƙasa ta fi laushi, inda ta ɗan lotsa, inda tsingaro da baƙar ƙasa suka hautsine. Bargon ba zai ruɓe duka ba. Ku roƙi masu lorin su ba ku ko kwana kaɗan.

Kuma ka gaya wa Yumma. Haƙƙinta ne. Ba zan iya jure tunanin tana zuba ruwa a kan wani ba, nata yana ƙarƙashin tayar lori.

Ni na ɓata mana lokaci, ba kai ba.

Mawahib


Umdurman, watan Jumada

Mawahib,

Gaisuwa. Baba da Inna suna gaishe ki. Zazzaɓin dengi ya kwantar da rabin unguwa, ya kwantar da Tariq a Gadarif da takardarki a aljihu, sai makon jiya ta iso.

Baba ya karanta manyan baƙaƙen ba tabarau. Ya ce in nemo Isma'il. Na same shi a Bahri yana sauke buhuna. Da na gaya masa, sai ya ajiye buhun ya biyo ni.

Babu tudu, Mawahib. Rami ne yanzu, ruwan sama ya kwanta a ciki, yara suna wanka. Ɗan gefe ɗaya ya rage kamar ɓawon burodi, muka tone shi kaf, muka samu wani a kife, ƙarami, muka mayar da ƙasa muka rufe shi. Masu lodi sun ce sun yi ta cin karo da ƙashi. Wanda suka gani sun tara a buhu sun binne a rami guda can gaba, ba su tuna daidai ina ba. Wanda ba su gani ba ya bi lori. Wani ya ce kamar ya ga jan tsumma a cikin lodi, wani ya ce shuɗi ne. Na tambayi ina aka kai. Suka ce ko'ina: Saliha, Fitihab, har ƙetaren gada. Yanzu in na bi layi na ga an ɗaga dandamalin ƙofar gida da sabuwar ƙasa, sai in rasa ta inda zan taka.

Na yi abin da kika ce. Na samu Gwaggo tana tsince shinkafa, na durƙusa, na ce, "Gwaggo, wanda muka binne ba Yaya ba ne. Mutumin da ne, tun kafin Annabi Ibrahim wataƙila. Mawahib ta duba haƙorinsa."

Ta dube ni. Ta ajiye faifan. Ban san da sauran ƙarfi a hannun nan ba sai da na ji shi a kuncina.

Ta ce, "Har gawa, Ɗantani? Har gawar ɗan uwanka?"

Na ce ga takarda. Ta ce takardar da ni zan karanta mata? Baba ya buɗe baki daga bakin ƙofa, ta juya ta ce, "Kai ma?" Ya rufe. Ta shiga ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Ranar ba ta ci ba. Washegari ba ta ci ba. Rana ta uku ko shayin ta ƙi, Inna ta fito tana share ido ta ce mini, "Kai ka ɗaura, kai za ka kwance."

Na shiga. Na zauna a bakin gadon. Na yi dariyar nan tawa da kika sani, ban san daga ina na samo ta ba. Na ce, "Haba Gwaggo, ke ma kin yarda? Wasa nake."

Ta daɗe ba ta juyo ba. Sannan ta ce, "Allah ya shirye ka. Miƙo mini kunun."

Jiya Juma'a na raka ta maƙabarta, ni ke ɗauke da jarkar ruwa. Ta yayyafa, ta zuba dawa a kasko saboda tsuntsaye, ta zauna tana ba shi labarin unguwa, wa ya dawo, wa bai dawo ba. Ta ce masa ya yafe mini, yaro ne, bakinsa ne kawai. Ta nuna mini wurinta a gefensa, ta ce in tabbatar ba a ba wani ba. Na ce to.

Isma'il har yanzu a wurinta shi ne wanda ya kife mata ɗa. Ya ce in bar shi a haka.

Haƙorin ki riƙe, ki sa shi cikin naku na gilashi, ko ya samu wanda ya san shi.

Ta ce in gaishe ki, ta ce kin daina rubuto mata. Ki rubuto. Amma ki sani a gabanta zan buɗe, kuma tana kallon bakina in ina karatu, ta san lokacin da nake tsallake layi. Ki rubuto wadda zan iya karantawa tun daga sama har ƙasa.

Ɗantani